Launi ba ya maye gurbin suna

Duk wanda ya buɗe shafin wata manhaja a dandalin GitHub zai ga wani siririn layi mai launi-launi a gefe, wanda ke nuna harsunan kwamfuta da aka rubuta aikin da su, kowane harshe da rabonsa. Launukan suna fitowa ne daga wani kundi mai suna Linguist, inda aka jera ɗaruruwan harsuna, aka ba mafi yawansu launi na kansu.

Zaɓin da ya fi zama a zuciya shi ne mai dalili. Harshen Ruby, wanda Yukihiro Matsumoto ya fitar a Japan a 1995, sunan jan yaƙutu ya ci, sai aka ba shi ja mai duhu. Java kuwa ruwan ƙasa ne, mai tuna wa mutum kofin gahawar da ke tambarinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Hausa, domin Bahaushe ma daga abin da ido ya saba gani yake aro sunan launi: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa.

Sai dai harsunan sun fi ƙarfin launukan da ido ke iya rarrabewa. Python shuɗi ne, TypeScript shuɗi ne, Go ma shuɗi ne mai haske. Na'ura ba ta ruɗewa, tunda lamba take karantawa: na farko 3572A5, na biyu 3178C6. Mutum kuwa, musamman mai duba ƙaramar waya a tsakar rana, shuɗi kawai yake gani. Ga kuma masu larurar kasa bambanta ja da kore, waɗanda a arewacin Turai suka kai kusan namiji 1 cikin 12. A wurinsu jan Ruby bai faɗi komai game da yaƙutu ba.

GitHub dai ta yi hankali, domin a ƙarƙashin layin tana rubuta sunan kowane harshe da kasonsa cikin ɗari. Laifin yana wajen masu kwaikwayo, waɗanda ke zana jadawalin harsuna goma sha biyar da launi zalla, su jefa sunayen can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ɗalibin da ya ɗauki shuɗin TypeScript a matsayin na Python zai tashi da kuskuren cewa aikin da ke gabansa da harshen da ya koya aka rubuta shi, sai ya buɗe fayil na farko ya tarar da wani abu dabam.