Marayan daji ya fi buƙatar kasafi a kan tausayi

Akwai wata 'yar mitsitsiyar dabba a Turai da ake kira wizil, dangin bodari da dage. Ana haifar jaririnta makaho, nauyinsa 'yan giram kaɗan. Idan uwar ta mutu aka tsince shi, masu jinyar namun daji a Ingila sukan fara ɗumama jikinsa kafin su ɗiga masa komai a baki, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Nonon saniya gudawa yake sa shi, sai madara ta musamman, bayan 'yan sa'o'i kaɗan, dare da rana. Har fitsari ba ya iya yi sai an shafa masa mara da auduga mai ɗumi a madadin harshen uwa. Da ya fara cin nama kuma, mai reno zai janye jiki, ya daina ɗaukarsa, domin dabbar da ta saba da hannun mutum ba ta daɗewa idan an mayar da ita daji.

Wannan aiki ne na ƙwararru, mai cin kuɗi da barci, kuma a nan ne Nijeriya ta gaza. An kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Kwastam na kame, hukumar NESREA ma haka. A watan Oktoban 2023 an ƙona kusan tan huɗu na ɓawon ɗankunya a Abuja. An kyauta. Sai dai ɓawo ba ya jin yunwa. Ɗan birin da aka ƙwato da rai fa, wa zai tashi ƙarfe biyun dare ya ba shi madara?

Galibi masu zaman kansu ne. Tun 1991 ƙungiyar Pandrillus ke renon marayun birai a Kalaba, da taimakon masu ba da gudummawa. Bai kamata dokar tarayya ta dogara da aljihun masu sa kai ba. Duk hukumar da aka ba ikon kama dabba mai rai ta cancanci layi a kasafin kuɗi na abincinta da likitanta da wurin ajiye ta, ko kuwa yarjejeniyar biyan cibiyoyin da suka iya aikin.

Akwai kuma abin da ya shafi hadiman manya kai tsaye. Ɗan barewa ko ɗan birin da ake kawo wa maigida tsaraba, sau da yawa sai da aka harbe uwarsa kafin a same shi. Karɓarsa sayen na gaba ne. Hadimin da aka miƙa wa kwalin ya nemi likitan dabbobi a ranar, ya sanar da NESREA, kada ya aika a sayo keji.