Matsayin Zugazugi a Wajen Ƙera Akodiyon Mai Maɓalli na Lantarki

Akodiyon kayan kiɗa ne da ake rungumewa a ƙirji, hannuwa suna ja suna matsawa, yatsu kuma suna aiki a gefen dama da na hagu. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya aka fara yi masa rajista da wannan suna, a shekarar 1829, a hannun wani maƙerin kayan kiɗa da ake kira Cyrill Demian. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, garuruwa irin su Castelfidardo ta Italiya sun mai da ƙera shi sana'a, fatake da 'yan ci-rani kuwa suka bi duniya da shi. Iri biyu ne manya. Akwai mai jerin haƙora farare da baƙaƙe irin na piyano, akwai kuma mai maɓallai, wanda ya riga ɗan'uwansa yaɗuwa. Mai maɓallan nan shi ne ginshiƙin kiɗan ballenato na ƙasar Kolombiya, ana jin sa a kiɗan raye-rayen Ayilan, Rashawa suna kiran nasu bayan, kuma irinsa mai maɓalli goma ne I. K. Dairo ya shigar cikin kiɗan juju na Yarabawa.

Tun da lantarki ya shiga harkar kiɗa ake ƙoƙarin a ƙera akodiyon wanda na'ura za ta fitar masa da amo. Kamfanin Hohner na Jamus ya fito da Electronium a farkon shekarun 1950, sa'an nan Cordovox ya yi tashe a Amurka a shekarun 1960. Yau abin ya sauƙaƙa ƙwarai, har ɗalibin injiniya yana iya sayen 'yar ƙaramar kwamfuta wadda ba ta kai girman kwalin ashana biyu ba, ya jona mata makunnai, ya ce ya yi akodiyon. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mai irin wannan aiki ya kamata ya fara da zugazugi, ya ƙare da zugazugi, domin a can wahalar take, a can kuma ake yawan yin sakaci.

Wajibi ne mai karatu ya san abin da ke cikin cikin akodiyon na asali. A ciki akwai 'yan siraran ƙarafa masu kama da harshe, kowanne an kafe gindinsa, an bar kansa yana lilo a bakin wata 'yar taga. Idan iska ta bi ta tagar sai harshen ya yi ta karkarwa, karkarwar nan ita ce amo. Babban akodiyon yana ɗauke da irin waɗannan harsuna fiye da 400. Maɓalli kuwa aikinsa guda ne tak, watau ya ɗaga murfi ya ba iska hanya. Ko makaɗi ya danna shi da ƙarfi ko a hankali, bambancin da za a ji bai taka kara ya karya ba. Ƙarfin amo da laushinsa, da yadda yake tasowa sannu a hankali ko ya fashe farat ɗaya, da yadda yake mutuwa, duk suna hannun hagu mai jan zugazugi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda yaron maƙeri yake sarrafa wuta da tafin hannunsa, ya rura ta ko ya kwantar da ita ba tare da ya taɓa gawayi ba, to ya ga rabin sirrin akodiyon.

A nan ne mai ƙira yake fara gamuwa da tarko. Harshen da kayan kiɗan lantarki suke magana da juna, wanda ake kira MIDI, an fito da shi a shekarar 1983, kuma masu kayan kiɗa irin na piyano ne suka fi yawa a cikin waɗanda aka yi dominsu. A tsarinsa na asali, in an danna haƙori sai a aika da lambar amon tare da wata lamba, daga 0 zuwa 127, mai nuna ƙarfin bugun. Wannan ya dace da piyano, domin da zarar guduma ta bugi tsirkiya, makaɗi ba shi da sauran iko a kan amon sai dai ya tsai da shi. Akodiyon kuwa amonsa yana hannun makaɗi tun daga haihuwarsa har mutuwarsa. Lalle MIDI yana da hanyar aika saƙon ƙarfin amo a kai a kai, amma sai mai ƙira ya nufi yin amfani da ita, ya kuma samo abin da zai riƙa ciyar da ita. Malalacin injiniya yakan tsaya a kan maɓallai, domin su ne masu sauƙin jonawa, ya sa wa ƙarfin amo wani ɗan abin murɗawa ko feda. Abin da ya ƙera zai yi kiɗa, amma makaɗin akodiyon in ya rungume shi zai tarar an ɗaure masa hannun hagu.

Maganin da aka fi amincewa da shi shi ne a bar zugazugin yadda yake, a dasa na'urar auna matsin iska a cikinsa. Haka kamfanin Roland ya yi a akodiyonsa FR-7 na shekarar 2004. Sai dai auna iska kaɗai ba ya wadatarwa. A akodiyon na asali iska fita take yi ta harsunan, saboda haka makaɗin da ya danna maɓalli biyar a lokaci guda zai ji zugazuginsa yana rufewa da sauri, wanda ya danna guda ɗaya siriri kuwa zai daɗe yana ja. Da wannan yake auna tsawon jimlar kiɗansa, kamar yadda mawaƙi yake auna baiti da numfashinsa. A na lantarki babu harsuna, iska ba ta da mafita sai ramin da aka huda mata, kuma in ramin girmansa ɗaya ne kullum, hannu zai riƙa jin abu ɗaya alhali kunne yana jin abubuwa dabam-dabam. Sai a samfurin FR-8x na shekarar 2013 kamfanin ya sa wata ƙofar iska mai buɗewa da tsukewa da kanta gwargwadon yawan amon da ake bugawa. In har babban kamfani ya ɗauki shekara tara kafin ya kai nan, ƙaramin mai ƙira ba shi da dalilin raina matsalar.

Lamarin ya fi tsanani a wajen irin akodiyon da ake kira dayatonik, watau na Kolombiya da Ayilan da wanda Dairo ya riƙe. A wannan iri kowane maɓalli amo biyu gare shi: in ana matsa zugazugi ya ba da ɗaya, in ana ja ya ba da wani. Ke nan zugazugi yana cikin masu zaɓen amo tare da yatsu. Makaɗin raye-raye yakan juya hannunsa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan juye-juyen shi ne yake ba kiɗan tsalle-tsallensa da armashinsa. Dole na'ura ta gane ja daga matsawa nan take. Wurin haɗari shi ne tsakiya, lokacin da matsin iska ya sauko kusa da babu kafin ya juya. In an sa na'urar ta cika saurin ji, 'yar rawar hannu kaɗan za ta sa amo ya riƙa tsalle tsakanin biyun. In kuma an dushe jinta don a kauce wa haka, amo zai riƙa makara, makaɗi kuwa yana jin makarar da ba ta wuce kashi kaɗan cikin ɗari na daƙiƙa ba. Babu lissafin da zai yanke wannan a kan takarda. Sai an miƙa wa gwanin makaɗi abin, ya buga, ya yi ƙorafi, a gyara, ya sake bugawa.

Akwai wasu halaye na harshen ƙarfe waɗanda injiniya zai iya ɗauka aibi ne ya share su. Manyan harsuna masu kaurin murya sukan yi ɗan jinkiri kafin su kama. In aka matsa iska da ƙarfi ƙwarai, amon yakan ɗan sunkuya ƙasa. Maƙera kuma da gangan suke saita harsuna biyu ko uku na amo ɗaya su ɗan saɓa wa juna, don a sami wannan rawar murya da aka san kiɗan Faransa da ita. Makaɗa sun gina salonsu a kan waɗannan abubuwa, wanda ya share su da sunan tsabta ya zubar da romo ya riƙe ƙashi.

Masu son a yar da zugazugi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu kunnen ƙashi ba. Zugazugi na kwali da ƙyalle da fata ne, yana tsufa, yana yoyo, ɗinkinsa kuma sana'a ce mai zaman kanta. Babban akodiyon ya fi kilo 10, kafaɗar tsoho ba ta jure masa. Wasu masu ƙira sukan maye gurbinsa da na'urar auna nauyi, wadda take jin ƙarfin hannu ba tare da wani abu ya motsa ba. Ga mai koyo da yake son ya haddace wuraren maɓallai da dare, abin saurare a kunne, maƙwabta suna barci, wannan ya isa, kuma araharsa alheri ce. Amma hannun da ya saba da tura bango bai koyi rabon iska ba, bai san lokacin da zugazugi zai ƙare masa a tsakiyar jimla ba, bai kuma san amfanin maɓallin shaƙar iska da ke ƙarƙashin babban yatsan hagu ba. Sai a sayar da abin da sunan allon koyo, kada a ce da mai saye ya sami akodiyon.

Inda lantarki ya yi zarra, ya kamata a sakar masa mara. Akodiyon dayatonik a ɗaure yake da 'yan mazaunan murya ƙalilan, shi ya sa makaɗan ballenato sukan je wasa da akodiyon fiye da ɗaya, don su dace da muryar kowane mawaƙi. Na lantarki yana iya sauya mazauni da danna abu guda, kamar yadda FR-18 na shekarar 2011 yake yi. A Masar sai da masu gyara suka bi harsuna da magagari kafin akodiyon ya iya furta amon da ke tsakanin haƙoran piyano, wanda kiɗan Larabawa yake bukata, a na lantarki kuwa sauya lamba ce kawai. Jerin maɓallai ma haka: Ayilan da nata, Rasha da nata, Faransa da Italiya da nasu, duk ana iya zuba su cikin na'ura ɗaya mai shi ya zaɓa. Ga kuma maganar zafi, domin da kakin zuma ake manne harsunan na asali, rana mai tsanani tana narkar da shi, laima kuma tana sa ƙarfen tsatsa. Abin da za a kiyaye kawai shi ne kada mai ƙira ya ga jerin wata al'umma a hargitse ya ce zai gyara musu shi. Bandoniyon na kiɗan tango, ɗan'uwan akodiyon na kusa, yana da maɓalli 71 a jere irin wanda baƙo zai rantse babu tsari a cikinsa, amma da shi Astor Piazzolla ya yi kiɗansa.

Bandoniyon ɗin nan ya kawo wata magana da ta shafi zugazugi ta wata fuska, watau tsawon rai. Waɗanda masana'antar Alfred Arnold ta ƙera a garin Carlsfeld na Jamus kafin Yaƙin Duniya na Biyu har yanzu ana kiɗa da su a Buenos Aires, har ma ƙasar Ajantina ta kafa doka a shekarar 2009 don ta taƙaita fitar da tsofaffinsu waje. Sun rayu ne domin itace da fata da ƙarfe abubuwa ne da mai gyara yake iya buɗewa ya gani, ya sauya. Na'urar lantarki kuwa takan mutu ranar da aka daina ƙera wani ɗan ƙwayar da ke cikinta. Saboda haka mai ƙira ya yi zugazuginsa a kan awon da masu ɗinkin zugazugi suka saba da shi, ya kafa na'urar auna iska a inda za a iya kwance ta da sukurdireba, ya kuma buga zanen wayoyinsa a fili, yadda mai gyaran rediyo a Valledupar ko a Ibadan zai iya bin sa bayan shekara 30.