Laifin Wa? Magana a Kan Yaron da Majigi Yake Nunawa

Ga magana a kan majigi, wanda yanzu ake ce wa fim. A da sai mutum ya je birni ya biya kuɗi kana ya gan shi, yau kuwa ya shigo aljihun yara a cikin waya. Waɗansu sun ce a kau da kai daga gare shi ɗungum. Mu dai mun ce, baƙon da ya riga ya shiga zaure, gara a saurari abin da yake faɗa. Sau da yawa kuwa labarinsa na yaron da ya lalace ne, ɗan daba, ko ɓarawo, ko mashayi. To, laifin wa?

Ku dubi wani majigi na Afirka ta Kudu mai suna Tsotsi, watau ɗan daba a bakin mutanen can. Gavin Hood ya shirya shi a 2005 daga littafin Athol Fugard, har ya ci lambar Oscar a 2006. Yaron, uwarsa tana kwance ba lafiya, ubansa mashayi ne mai mugun hali. Sai ya gudu daga gida, ya dinga kwana cikin bututun siminti tare da yara irinsa, ya girma ya zama shugaban 'yan fashi a unguwar talakawa ta Johannesburg. Wani dare ya harbi wata mata ya ƙwace motarta, sai ga jariri a kujerar baya. Ya tafi da shi, ya yi kwanaki yana fama da renonsa, har zuciyarsa ta karaya, ya mayar da shi ga iyayensa da hannunsa, alhali ya san abin da zai biyo baya.

Masu hankali, ku lura. Uba ne ya kore shi, talauci ya rene shi, amma hannun da ya yi harbi nasa ne, hannun da ya mayar da jariri kuma nasa ne. Wanda ya ce duk laifin talauci ne, ya mai da yaro kara a kan ruwa. Wanda ya ce duk laifin yaro ne, ya wanke kansa da ruwan da bai isa alwala ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga kuma na kusa da gida. A 2011 waɗansu almajirai tara a Kano suka shirya majiginsu da kansu, suka sa masa suna Duniya Juyi Juyi, da taimakon wata Baturiya mai bincike, Hannah Hoechner, da cibiyar Jamusawa ta Goethe. Labarin Aminu ne, wanda ubansa ya kai shi birni karatun allo. Ya sha yunwa, ya sha wulakanci a gidan da yake aikatau, amma bai bar allonsa ba, har ya sami mai riƙonsa da mutunci. Talaucin Aminu bai fi na Tsotsi sauƙi ƙwarai ba. Abin da ya raba su, shi yana da malami da karatu a hannu, kuma an buɗe masa ƙofa sa'ad da ya ƙwanƙwasa.

Wannan fa ba tatsuniya ce gare mu ba. Kowace shekara in an kau da amfanin gona, yara sukan bar garuruwanmu su nufi birane, balle shekarar da ruwa ya ci gonaki, kamar ambaliyar 2022. Mun kuma ga yadda aka yi ta ɗebo almajirai cikin motoci ana mayar da su jihohinsu a 2020, zamanin cutar korona. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa hukuma domin ilmin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Madalla, amma hukuma ba ta zama uba.

Saboda haka, ya kai uba, kada ka miƙa ɗanka ba guzuri, sa'an nan ka shekara ba ka leƙa shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kai malam, kada ka karɓi yaran da suka fi ƙarfin idonka. Ya kai mai hali, yaron da yake maka wanke-wanke, ka biya shi hakkinsa, ka kira shi da sunansa. Ku masu shirya majigi a Kano, in kun nuna ɗan daba, ku nuna mana gidan da ya fito da daren da ya kwana da yunwa, kada ku zana shi kamar da wuƙa aka haife shi.

Kai kuma almajiri, rashi ba ya ɗauke maka hisabi. Ran da abokin banza ya miƙo maka ƙwaya ko wuƙa, babu ubanka a wurin, babu malaminka, kai kaɗai ne da hannunka. Allah ya shirya mana zuriya, amin.