Rigar fata da ta ƙi shiga jiki

 

Maganar yau daga kan tabarmar taronmu ta taso. Ɗaya daga cikinmu ta ɗauki rancen jika sittin a asusu, ta bi ta Ɗan Barto zuwa Kano, ta sayo dilar kayan sanyi na gwanjo. Dila dai kun san halinta, sai an biya ake kwancewa. Da aka buɗe, cikin suwaitoci da huluna sai ga rigunan fata guda bakwai, irin waɗanda samari ke ce wa buluzon. Tsofaffi ne masu kyan gani, amma sun ƙandare kamar busasshen ƙirgi. Wani ɗan kabu-kabu ya gwada ɗaya, hannu ya shiga, kafaɗa ta ƙi, ya kasa miƙa hannuwa yadda zai kama kan moto. Ya cire ya yi gaba. Ga wa'adin biyan rance saura mako shida. Baiwar Allah ta ce za ta saki rigunan a kan duk abin da aka taya.

Dattijuwar ƙungiyarmu, wadda mahaifinta baduku ne a Damagaram, ita ta tare ta. Ta ce, "Ƴata, kawo su nan tukuna. Fata ƙishirwa take ji, ba mutuwa ta yi ba."

Abin da ta fara yi ya ba mu mamaki: ta ware uku gefe, ta ce waɗannan ba fata ba ne. Ta ɗiga ruwa a kan kowace riga. Fatar gaskiya da ta bushe takan sha ruwan a hankali, wurin ya yi duhu. Ta roba kuwa ruwan zama yake a kai. Ta farke ɗan shafin ciki ta nuna mana bayan: fata tana da gashi-gashi, roba kuwa a kan yadi aka manna ta. Ta roba in ta fara ɓarewa ba mai da zai dawo da ita, a sayar da arha a huta.

Sauran huɗun aka goge da tsumma mai ɗan danshi, aka bar su suka sha iska a inuwa. A inuwa fa. Rana da bakin murhu da dutsen guga su ne ke ƙarasa kashe fata, don zafi yana janye ɗan man da ya rage a cikinta, ya sa ta takura. Jiƙa ta a bokiti da omo ma haka.

Sai batun mai, inda muka fi daɗewa ana gardama. Mu nan ƙasar gyaɗa ce, yawancinmu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli muke samun na zubi, saboda haka hannu can ya fara zuwa. Inna ta hana. Man gyaɗa yakan sauya wari in ya daɗe a jikin riga, ya kuma jawo kiyashi da ɓera. Man kaɗe ta ce a kawo, ɗan kaɗan, a narkar da shi a tafin hannu. A fara gwadawa a ƙarƙashin wuya inda ba a gani, domin mai yana sa launi ya ƙara duhu. In launin ya yi, a shafa sama-sama, a fi ba da ƙarfi a kafaɗa da gwiwar hannu da hammata, a bar rigar ta kwana. Shafi biyu ko uku na kaɗan-kaɗan ya fi laftawa sau ɗaya, wanda sai dai ya bar maiƙo ƙura ta manne.

Washegari aka shiga murza. Zama muka yi muna hira, kowa da riga a cinya, ana cuɗawa ana naɗewa ana warwarewa. Ba sabon ilimi ba ne. Haka majema ke tausasa fata bayan sun jeme ta da bagaruwa, kuma da irin wannan aikin hannu ne fatar jar akuya ta Maraɗi da Sakkwato ta ƙetare Sahara har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko.

Da suka yi laushi, aka sa wani yaronmu ya sa suwaita mai kauri ya ɗora rigar a kai, yana miƙa hannu gaba yana rungume kafaɗunsa, kwana uku da safe. Amma kada a yaudari mai saye: fata takan saki kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ba ta ƙara tsawo, kuma rigar yaro ba za ta zama ta ƙato ba.

A riga guda ma ashe ba fatar ce ke matsewa ba, shafin ciki ne, shi kuwa yadi ba ya saki. Tela ya farke shi ta tsakiyar baya ya ƙara ƙyalle, shi ke nan. Wannan aikin tela ne. In kuwa fatar kanta ke son ƙari a hammata ko gefe, wurin baduku za a je. Ramin allura a fata ba ya rufewa, ɗinki in ya yi kusa-kusa yanka ta yake, allurar keken ɗinki ta yau da kullum kuma karyewa take.

Zuwa taron da ya wuce, biyu sun fita, ɗaya wurin ɗan kabu-kabun nan da ya fara ƙi. Ta uku tana hannun baduku. Ta huɗu ta riga ta tsage a gwiwar hannu, mai bai yi mata komai ba, sai shi badukun ya saye ta don ya yanka ya yi gyaran takalma. Ƴar uwarmu ta kawo rabin rancen, saura mako uku. Mai ragowar rigar fata in hunturu ya wuce, ta rataye ta a ɗaki, kada ta ƙulle a leda, don damina hunhuna za ta cinye ta.