Haja marar uba tana jiran wanda zai ce "ni ne"

A ranar 13 ga watan Mayu na shekarar 1931, a birnin Sinsinati na ƙasar Amurka, wani saurayi ɗan shekara 26 mai suna Neil McElroy ya miƙa wa magabatansa na kampanin Procter & Gamble takarda mai shafi uku. Aikinsa shi ne tallar sabulun Camay, wanda ke fama da sabulan wasu kampanoni a kasuwa, a cikin gida kuma hankalin kowa na kan yayansa, sabulun Ivory. Abin da ya nema shi ne kowace haja ta samu mutum guda mai ɗaukar nauyinta: ya san adadin da aka aika kowane yanki, inda ciniki ya yi rauni ya tafi da ƙafarsa ya gano dalili, ya tsara magani, ya bi shi har ƙarshe. Kampani ya amince. A 1948 McElroy ya zama shugabansa, a 1957 kuma Shugaba Eisenhower ya naɗa shi ministan tsaro. Daga waccan takarda ne aka saba fara tarihin muƙamin da za mu kira uban haja.

Mun kawo wannan labari ne saboda ma'aikatanmu masu ilimi da ke zaune shekara da shekaru bisa kujera guda, suna jiran babba ya yi ritaya ko wani ya sa musu baki. Ra'ayinmu shi ne, akwai hanyar da ta fi wannan jira mutunci: mutum ya duba cikin ma'aikatarsu, ya nemo hajar da ba ta da uba, ya rubuta cewa shi zai riƙe ta.

Irin wannan haja ba ta da wuyar ganewa. Ɗauki masana'antar nono ko ta man gyaɗa, a Maraɗi ko a Yamai. Mai injin ya ce nasa shi ne ya cika kwali. Mai saidawa ya ce abin da aka ba shi ya kai kasuwa. Mai lissafi ya ce kuɗi kawai yake ƙirgawa. To, idan matan Damagaram sun daina saye don leda na fashewa cikin zafi, ko don ƙunshin ya fi ƙarfin kuɗin cefanen yini, wa za a tambaya? Kowa ya yi aikinsa, haja kuwa tana mutuwa a hannun kowa. Haka abin yake a asusun bashi na ƙananan ƴan kasuwa, haka a kampanonin salula. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikacin da ke karɓar koke-koken masu saye ya riga darakta sanin wurin.

Mun san abin da mai karatu zai ce: ƙirƙirar muƙami ai ita ce cutar da ta dame mu. Gaskiya ne, mun sha ganin an ɗinka kujera daidai jikin ɗan ɗaki, da buro da mota da kuɗin mai. Amma bambancin a fili yake. Kujerar alfarma ba ta zuwa da ma'aunin da za a kama mai ita da shi. Wanda ya ce a ba shi haja kuwa ya kai wuyansa ne, domin ƙarshen wata alƙaluma za su yi magana, kuma ba su san ɗan wane ba.

Saboda haka mai wannan niyya ya yi shiri. Ya zaɓi haja guda ɗaya tak. Ya tara abin da ya gani da idonsa: kwali nawa aka maido, a wace kasuwa, mene ne masu kanti ke faɗa. Ya rubuta gajeriyar takarda wadda ta fara da asarar da gidan ke yi, kada ya sa maganar albashinsa a gaba. Ya nemi gwajin wata shida yana riƙe da tsohon aikinsa, tare da ma'auni biyu ko uku da aka yarda da su tun farko. Ya nemi a rubuta masa izinin ganin lissafin hajar, a kuma faɗi wanda zai riƙa kai wa rahoto. Kafin takardar ta isa teburin darakta, ya zauna da shugaban masu saidawa da na masu injin, don kada su ji labari a bakin wani su ɗauka gonarsu ake son ci.

Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi, domin uban haja nauyi gare shi, iko kaɗan. A kampanin Toyota na Japan, inda Kenya Nakamura ya jagoranci ƙera motar Crown da ta fito a 1955, babban injiniyan kowace mota shi ke amsa tambaya a kanta, alhali galibin masu aikin suna ƙarƙashin shugabannin sassansu. Da hujja da sanin aiki yake jan su. Wanda ke neman muƙamin nan don a riƙa rusuna masa, ya yi ɓatan kai. Haɗari ma akwai: ana iya ɗora masa aikin mutum biyu da albashin mutum ɗaya, a yi ta ce masa ya yi haƙuri. Shi ya sa ranar ƙarewar gwaji, da abin da zai biyo bayanta, dole su kasance a rubuce.

Ga masu gidajen aiki kuma muna cewa: idan yaronku ya kawo irin wannan takarda, kada ku ɗauke ta rashin kunya. Ku karanta, ku gwada shi. Idan kun sa ta cikin aljihun tebur, hajar za ta ci gaba da zama marainiya, shi kuwa wata rana za ku tarar da shi wajen abokin gasarku, da takardar tasa a hannu.