Libarbar Baba: Amana Ce, Amma A Wane Ɗaki Za Ta Kwana?

Yaran yanzu da yawa ba su san kalmar libarba ba. Ita ce ƙaramar bindigar nan mai gangar ƙarfe a tsakiya, wadda ake ɗura wa harsashi shida, in an harba ɗaya gangar ta juya ta kawo na gaba. Irinta hafsoshin Ingila suka riƙa ratayawa a ƙugu zamanin mulkin mallaka, wadda ta fi suna ita ce ƙirar Webley. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samarin Arewa zuwa Boma, suka dawo bayan 1945, sannan aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Duk yaƙin da ya ƙare, ba kowane ƙarfe ke komawa ma'ajin gwamnati ba. Wani ya kwanta a ƙasan akwati, wani a cikin rumbu, wani kuma a hannun amini.

Irin wannan ta ƙarshen ce ta tayar da magana a wani gida da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, ba zan faɗi garin ba. Wani tsohon soja ya ba amininsa ajiyar libarbarsa tun 'ya'yansa na ƙanana, domin uwargidansa ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Har ya rasu bai karɓa ba. Yanzu aminin ya tsufa, ya aika wa babban ɗan mamacin cewa, "Ɗana, zo ka amshi amanar babanka tun ina da rai." Matar ɗan ce ta same ni a nan Lambara. Ta ce, "Anti, maigidana har da hawaye. Ya ce yana tuna Baba ya ɗora shi bisa cinya yana goge ta da mai. In na hana, na raba shi da ubansa. In na yi shiru, ga yara huɗu a tsakar gida."

Ni dai ban ga laifin hawayen mutumin nan ba. Wanda ya rasa uba ya san yadda hula ɗaya ko tsohuwar rediyo ke zama abin da ba a sayarwa. Dattijon kuma da ya riƙe kayan wani shekara da shekaru, bai sayar ba, bai ba da aro ba, a zamanin da masu neman irin wannan kaya ke biyan kuɗi mai tsoka, ya cancanci a je har gida a durƙusa a gode masa. Yana son ya sauke nauyi kafin ya gamu da Ubangijinsa, kuma haƙƙinsa ne a taimaka masa ya sauke.

Sai dai doka ba ta kallon libarba da idon da ɗa ke kallonta. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta maharba, lasisinta na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ta farauta irin ta bature, sai Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa suna cikin haramtattun makamai, jeri ɗaya da bindigogin soja, ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Hukuncin wanda aka kama da ita na iya zama ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Lasisi ma ba a gadonsa kamar gona. Wato ranar da mijin nan ya saka ta a jaka ya hau hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, shingen bincike na farko ya isa ya mayar da gadon uba shari'ar kotu. (Kuma in maganar gado ake, ba shi kaɗai Baba ya haifa ba. Ban ji an tambayi 'yan'uwansa mata ba.)

Ta ɓangaren aikina, abin da ke ba ni tsoro shi ne kalmar nan, "ai ba komai a ciki." Raunin harbi na kuskure da yawa a cikin gida da ita yake farawa. Yawancin tsofaffin libarba ba su da wani makulli da ke hana kunama aiki, kuma harsashi ɗaya kan maƙale a ganga ba a lura ba. Harsashin da ya shekara hamsin na iya tashi sarai. Yana kuma iya yin shiru na ɗan lokaci, mutum ya juyo bakin bindigar yana leƙawa, sannan ya tashi. Tsatsa na cin ƙarfe ta ciki inda ido ba ya gani, shi ya sa tsohuwar bindiga kan fashe a hannun mai ita, ta tafi da yatsu ko ido. Yaro ɗan shekara huɗu na iya jan kunamar wasu bindigogin in ya haɗa yatsun hannu biyu. Duk uwa kuma ta san babu maɓoyar da yara ba su sani ba a gidansu.

Akwai wani abin da ba a son faɗa. Gida na da ranakun fushi: rigimar miji da mata, saurayin da ya fara shaye-shaye, magidancin da bashi ya hana barci har ya fara maganar gajiya da duniya. Fushi da baƙin ciki kan sauka kafin gari ya waye. Harsashi ba ya jiran su sauka.

Na san wasu za su ce, a wannan zamani na 'yan bindiga wa zai mayar da makami? Tsoron gaskiya ne, jiharmu ta sha wuya. Amma harsashi shida na zamanin Turawa ba za su tare masu AK-47 ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne labari ya fita cewa gidan wane akwai bindiga, ɓarayi su zo nemanta, ko jami'an tsaro su zo da tambayar da ba ta da daɗin amsawa.

Shawarar da na ba ta ita ce su je wurin dattijon tare, da goro da turmin shadda, mijin ya ga kayan ubansa, ya ce na karɓa, Allah Ya saka. Da wannan amana ta sauka. Ya ɗauki kuben fatar da ɗamarar, da lambar yabo ko takardar sallama daga soja in suna nan, su ne za a nuna wa jikoki. Ƙarfen kuwa kada wanda ya taɓa kunamarsa ko ya ce zai gwada. A bar shi inda yake, a nemi shawarar lauya, a sanar da uban ƙasa, shi ya shige gaba zuwa wurin DPO, 'yan sanda su zo su ɗauka a ba da takardar shaida. In iyalin na son a adana ta don tarihi, sai su tambaya ko hukuma za ta yarda a miƙa ta gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.

Gidajen maharba kuma da ke da ta gargajiya bisa izini, a rataye ta ba ɗuri, albarushi a wani wuri dabam a kulle. In tsautsayi ya faɗa, a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a saki, kada a tono harsashi, kada a zuba toka ko garin magani, a nufi asibiti. Tun 2017 doka ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sanar da su aikin asibitin ne, cikin awa biyu da fara magani.