LAFIYA UWAR JIKI: Cutar da ke ɓuya cikin jini

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san awon jini na masassarar sauro. In damina ta yi, mata daga ƙauyukan Magarya da Dungas suna kai yara likita. A soki yatsa, a ɗiga jini, nan da nan a san ko masassara ce. Amma wannan awo ba ya ganin kowace cuta. Akwai wata ƙwayar cuta da ba ya nunawa. Likitoci na ce mata CMV.

Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, akwai farare. Fararen su ne masu tsaron jiki. Cutar sauro jajaye take shiga. CMV kuwa cikin farare take ɓuya. Tana bi ta miyau, da fitsari, da nono, da jini, da saduwar miji da mata. A ƙasashenmu yawancin mutane suna ɗaukar ta tun suna yara. In ta shiga jiki ba ta fita, sai ta kwanta shiru. Mai ƙarfin jiki bai ma san yana da ita ba.

To, yaya ake gano ta? Ana ɗebo jini daga hannu. A ware fararen ƙwayoyi, a shimfiɗa su bisa gilashi. A zuba wani rini wanda ba ya kama kowace ƙwaya sai mai cutar. Sannan a duba da madubin likita, a ƙidaya. In sun yi yawa, cutar ta farka. Masana a ƙasar Holan suka fito da wannan dabara a shekara ta 1988. Yanzu akwai na'ura mai neman alamar cutar kanta cikin jini. Sai dai irin wannan awo na manyan ɗakunan bincike ne.

Wa take yi wa illa? Na farko, mai Sida da ba ya shan magani. Tana iya makantar da shi. Na biyu, ɗan da ke cikin ciki. Tana iya bi daga uwa ta kama shi, a haife shi kurma, ko ya kurmance daga baya. A Amurka an ƙidaya jariri 1 cikin 200 ana haihuwarsa da ita. Cikinsu kuma 1 cikin 5 yana samun lahani mai daɗewa.

Shi jariri, miyau ko fitsarinsa ake awo, kafin ya cika kwana 21. Saboda haka in an haifi yaro da ƙaramin kai, ko shawara, ko ɗige-ɗige a fata, kada a jira arba'in. A kai shi likita tun kafin suna. Akwai maganin da ke taimakon jinsa in an fara shi da wuri. Haka nan yaron da ba ya razana in an yi ƙara kusa da shi, a kai shi a duba.

Har yanzu babu allurar rigakafinta. Amma mai ciki tana iya tsare kanta:

1. Ta wanke hannu da sabulu bayan ta share wa yaro fitsari ko majina.
2. Kada ta sha fura da ludayi ɗaya da ƙaramin yaro.
3. Kada ta cinye sauran abincin da ya sa a baki.
4. Ta riƙa zuwa awon ciki.

Mai goyo kuwa ta ci gaba da ba da nono, amfaninsa ya fi yawa. Maigida, sayen sabulu naka ne. Rigakafi ya fi magani.